Yawan bakin hoda ba shi ke sa kek ya tashi ba

Kowace Sallah sai an ji mai cewa a ƙara bakin hoda don kek ya kumbura sosai. Wannan ƙarin shi ke lalata shi. Idan hodar ta yi yawa, iska takan cika ƙullun kafin ƙwai da fulawa su kama jikinsu, sai kumfar ta fashe. Kek ya taso da sauri, tsakiyarsa ta lotsa, ga ɗaci a harshe.

Ƙaramin cokalin shayi 1, a shafe, ya ishi kofi 1 na fulawa, wato kamar giram 125.

Ainihin aikin yana wurin buga bota da sukari. A buga su har su yi fari, su yi sakwa-sakwa. Da muciya abin yana cin lokaci, amma nan iskar take shiga. A riƙa fasa ƙwai ɗaya-ɗaya. Da an zuba fulawa kuwa a daina bugu, a juya a hankali, in ba haka ba kek ya yi tauri.

A gasa a zafin digiri 180 na ma'aunin Celsius, kada a buɗe murfin abin gashin kafin minti 20, ko a tukunyar yashi ake gashin. Hodar da ta kwana biyu a gwada ta a ruwan zafi: in ba ta yi kumfa ba, a sayi sabuwa.