Wasan lallaɓa da taƙaita tuli a foka

Taƙaita tuli dabara ce a wasan karta na foka, inda ɗan wasa yake hana kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur yin yawa saboda katunan hannunsa matsakaita ne: sun fi ƙarfin a yar da su, amma ba su kai a zuba musu dukiya ba. An fi maganarta a nau'in Texas Hold'em marar iyakar zubi, wanda ake yanke babban kambun gasar duniya ta Las Vegas da shi, gasar da aka fara a 1970. A Kaduna an fi sabawa da Whot da ludo a majalisa, foka kuwa ta waya ta fi shigowa, kuma akwai manhajojin da ake buga ta da kuɗin bogi. Idan aka sa kuɗin gaske ta zama caca, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta.

Ana wasan da kati 52. Kowa yana samun biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tebur: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. A kowane zagaye mutum zai iya zubi, ko ƙari a kan zubin wani, ko amsa shi daidai, ko wucewa idan babu wanda ya zuba, ko ya ajiye katinsa ya janye. Mai yawan wucewa da amsawa shi ake kira mai lallaɓa.

Lissafin da ya haifi dabarar mai sauƙi ne. A ce akwai naira 1,000 a tsakiya bayan an buɗe katunan farko uku, 'yan wasa biyu suka rage. Idan ɗaya yana zuba daidai abin da ke tsakiya, ɗayan yana amsawa, tulin zai koma 3,000, sai 9,000, sai 27,000. Idan aka wuce zagaye ɗaya tak, a 9,000 zai tsaya.

Ga wanda ke riƙe da sarki da tara, aka buɗe sarki, bakwai da biyu. Yana da tagwayen sarki, wato na hannunsa da na tebur, hannu mai kyau. To amma wa zai amsa masa zubi uku a jere? Mai tagwayen bakwai zai amsa sau ɗaya, wataƙila biyu, ya janye. Wanda zai bi shi har ƙarshe yawanci mai sarki da sarauniya ne ko abin da ya fi haka, kuma wannan ya riga ya doke shi, tunda sarauniya ta fi tara. Shi ya sa gwanaye suke zubi a zagayen farko, su wuce na biyu, su amsa ko su yi ɗan zubi a na ƙarshe. Wucewar tana kuma jawo abokin karawa ya yi burga da hannu wofi. Dabarar ta fi tafiya ga wanda yake magana a ƙarshe, domin idan ya wuce zagayen ya rufu, babu mai ƙara masa.

Tana da farashinta. Bayan an buɗe kati na huɗu, abokin karawar da yake jiran kati ɗaya ya cika biyar masu alama iri ɗaya, hannun da ya fi tagwaye, yana da katuna tara da za su fisshe shi cikin 46 da bai gani ba, kusan sau ɗaya cikin biyar ke nan. Barinsa ya ga katin ƙarshe kyauta sakaci ne, don haka a teburin da irin wannan jira ya yi yawa zubi ya fi.

A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, suna ɗaukar tsoro a matsayin dabara. Mai lallaɓa da kowane hannu ba ya sa kowa ya ajiye kati, ba ya cin riba sosai ran da ya samu babban hannu, kuma da zarar ya yi ƙari kowa ya gane abin da ya riƙe. Saboda haka ƙwararru kan wuce da wasu manyan hannuwa ma jefi-jefi, don kada wucewarsu ta riƙa tona rauninsu.