Takalmin birki da diski: kada a bari ƙarfe ya ci ƙarfe

Direbobi da masu mota, musamman masu tsofaffin Golf, Sharon da 406 da ke kan hanya kullum, ku riƙa sauraren birkinku. Siririyar ƙara kamar fito alama ce takalmi ya kusa ƙarewa. In ta koma gurza, fatar ta cinye, ƙarfe ne ke cin diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, kuɗin gyara kuma ya ninka.

Kaurin fatar sabon takalmi milimita 10 zuwa 12 ne. Da ta sauko 3, a canza, hagu da dama tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizgar gefe ɗaya.

A wajen diski aka fi sakaci. Sau da yawa ana ɗora sabon takalmi a kan diskin da ya yi zane, a biya kuɗi a tafi, ba da jimawa ba a dawo. Ku sa bakanike ya auna, domin akwai lambar mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikin diskin. Ku ja farce a fuskarsa: in farcen na maƙalewa a rami, ko kun ga tsaga, ko sitiyari na rawa in an taka, aikinsa ya ƙare. Goge fuskar diski a injin sassaƙa ƙarfe yana da amfani ne kawai in kaurin bai faɗi ƙasa da lambar ba, don siririn diski saurin ɗaukar zafi gare shi, kuma a gangare zafin ke kashe birki. Kafin a ɗora sabo, a kankare tsatsar mazauninsa tas.

In takalmi ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, sau da yawa fil ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmi a jikin diski, ne ya ƙage da ƙura. A wanke, a shafa giris ɗin birki, don na gama-gari kumbura roba yake yi. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyon man birki, a ɗaure ta da waya. Kada kuma a hura ƙurar da baki, tana cutar da huhu.

Man birki, DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfi, yana shan danshi, a sauya shi duk shekara 2. Don Allah a daina zuba ruwan sabulu a madadinsa.

An gama ɗauri? Kafin mota ta motsa, a yi ta taka birki har feda ta yi tauri. Sannan a sami hanyar da ba kowa, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 a awa kamar sau 8, ba tare da tsayawa cak ba, don takalmin ya zauna daidai a kan diski.