Na'urar NAS da Adana Kwafin Bayanai

Na'urar NAS ƙaramar kwamfuta ce da aka keɓe domin ajiyar bayanai, wadda ake jona ta da sadarwar ofis ko ta gida, ta yadda sauran kwamfutoci za su riƙa zuba mata fayiloli suna kuma ɗaukowa daga gare ta. A cikinta akwai faifan ajiya ɗaya ko fiye, kuma galibi ba ta da allo, sai dai a sarrafa ta daga wata kwamfutar ta burauza. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin fitattun masu ƙera ta, kuma ana iya mayar da tsohuwar kwamfuta NAS ta hanyar ɗora mata manhajar TrueNAS. A Legas ana samun kayanta a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, kuma ta dace da masu ɗaukar hoton biki, da ofisoshin jigilar kaya zuwa Arewa, da makarantun Islamiyya irin na Agege da Idi-Araba, waɗanda rijistar ɗalibansu ko lissafin kuɗinsu ke zaune a kwamfuta guda ɗaya tak.

Kwamfutoci suna magana da na'urar NAS ta ƙa'idoji biyu manya: SMB, wadda ta samo asali a kamfanin IBM a shekarun 1980 kuma Windows ke amfani da ita, da NFS, wadda Sun Microsystems ya fito da ita a 1984.

Babban abin da ake tsarawa tun farko shi ne yadda faifan za su yi aiki tare, wato tsarin RAID, wanda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kaliforniya a Berkeley suka bayyana a wata maƙala a 1988. A RAID 1 ana rubuta komai sau biyu a faifai biyu, saboda haka mai faifai biyu masu terabait 4 kowanne, terabait 4 kawai zai mora. RAID 5 yana buƙatar faifai uku aƙalla kuma yana jure mutuwar guda ɗaya, yayin da RAID 6 ke buƙatar huɗu ya jure mutuwar biyu. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure mai tsada, domin sukan ɗauka cewa RAID ya wadatar wajen kare bayanai daga ɓacewa. Ai kuwa fayil ɗin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure, nan take yake gogewa a dukkan faifan. Haka nan idan gobara ta tashi, ko ɓarawo ya sungume akwatin, ko ambaliyar damina ta shiga shago, duk faifan tare suke tafiya. Shi ya sa masana ke bin ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na kowane bayani, a kan nau'in ma'aji biyu daban-daban, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri can nesa da ofis. Mai ofis a Mile 12 zai iya ajiye faifan waje, wato wanda ake jonawa a cire, a gidansa yana sabunta shi kowane mako, ko ya tura kwafi zuwa ma'ajiyar intanet, ko da yake wannan yana cin data sosai, kuma katsewar wayoyin ƙarƙashin teku da aka yi a watan Maris na 2024 ta nuna cewa ita ma wannan hanyar tana iya toshewa na kwanaki.

Jona na'urar da waya ya fi Wi-Fi inganci. Sadarwar waya mai gudun gigabit ɗaya a daƙiƙa tana kwashe terabait ɗaya cikin kimanin awa uku, don haka kwafin farko yakan ɗauki lokaci, daga nan kuma abin da ya canza kawai ake turawa kowane dare.

A Legas wutar lantarki ce babbar abokiyar gabar wannan na'ura. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da faifai ke rubutu tana iya lalata fayiloli, kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareta sau da yawa a rana yana gajiyar da kayan ciki. Saboda haka UPS, wato akwatin batir da ke ci gaba da ba da wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, wajibi ne, kuma ya kamata a haɗa shi da NAS da wayar USB, domin idan batir ya kusa ƙarewa na'urar ta kashe kanta cikin tsari ko da babu kowa a ofis. Inbata ko sola suna tsawaita lokacin aiki, amma ba su ɗauke buƙatar wannan kashewa ta tsari ba. Zafi da laimar bakin teku ma suna da illa, don haka a ɗora akwatin a kan tebur mai samun iska, nesa da ƙasa, a riƙa share ƙurar da ke toshe fankarsa. Faifan da aka sayo na hannu kuwa, a duba rahoton SMART ɗinsa, wanda ke nuna yawan awannin da ya yi yana aiki da wuraren da suka lalace, kafin a damƙa masa amanar bayanai.

Ta fuskar tsaro, kada a buɗe na'urar kai tsaye ga intanet. A 2022 manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin dubban na'urorin QNAP da aka bari a buɗe, kamar yadda WannaCry ta bi ta tsohon nau'in SMB a watan Mayu na 2017. A kashe asusun shugaba (admin) da na'urar ta zo da shi, a ba kowane ma'aikaci nasa da kalmar sirri mai ƙarfi, a sabunta manhaja, a kuma kunna tsarin da ke riƙe hoton yadda fayiloli suke a kwanakin baya. Wanda ke ajiye bayanan ɗalibai ko abokan ciniki yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ɗora masa alhakin tsare su.

Aikin kulawa da aka fi sakaci da shi shi ne gwajin dawo da bayanai. Ya kamata kowane wata a zaɓi wasu fayiloli daga kwafin, a dawo da su kan wata kwamfuta, a buɗe su a tabbatar suna karantuwa, sannan a duba saƙonnin gargaɗi da na'urar ke aikawa, a maye gurbin duk faifan da ya fara nuna alamun rauni tun kafin na biyu ya bi shi.