Ina jiki ke ajiye sitacin da muka ci?

Idan mutum ya ci abinci mai sitaci, ina yake shiga?

Hanji ne ke narkar da shi ya koma sukarin da ake kira gulukos, daga nan ya shiga jini. Sai dai jini ba wurin ajiya ba ne. Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Da zarar ya fara yawa, sinadarin insulin zai tura shi cikin hanta da tsokoki, a can a harhaɗa shi ya zama gilaikojin, wanda masanin Faransa Claude Bernard ya fara warewa daga hanta a 1857.

Nawa jiki ke iya riƙewa?

Kaɗan ne ƙwarai. Hanta na ɗaukar kimanin giram 100, tsokoki kuma kusan giram 400. Duka-duka ƙarfin da ke ciki bai fi na abincin yini guda ba.

Me ya sa ake ajiyewa a wuri biyu?

Aikinsu ne ya bambanta, kuma wannan ne ya fi burge ni. Tsoka kanta kawai take yi wa tanadi, ba ta iya mayar da sukarinta cikin jini, ko da sauran jiki na cikin bukata. Hanta ce mai rabawa. Muna barci ma tana ta sakin gulukos kaɗan-kaɗan, musamman saboda ƙwaƙwalwa, wadda ke cinye kimanin giram 120 a kullum. Idan aka kwana aka wuni ba a ci komai ba, ajiyar hanta takan kusa ƙarewa, sai ta koma ƙera sabon sukari daga wasu sinadarai, har da na furotin.

In wuraren sun cika fa?

Jiki zai ƙara ƙona sukari, ragowar kuma ya juya ta zuwa kitse.

Na daina cin sitaci, cikin mako guda nauyina ya ragu sosai. Kitse ne ya tafi?

Yawancinsa ruwa ne. Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa, don haka idan ajiyar ta ƙare, ruwan ma sai ya fita ta fitsari. Ranar da aka koma cin sitaci, nauyin zai dawo, kuma ina roƙon kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Kitse a hankali yake raguwa, sai an ɗauki makonni ana bin tsari kafin a ga canji na gaske.