Layi ɗaya, ma'ana biyu: inda harshen C ke rikita kwamfaila

Ina matsalar take?

Kwamfaila ita ce manhajar da ke fassara abin da mai shirya manhaja ya rubuta zuwa harshen na'ura. Ɗauki layin nan na C: `a * b;`. In `a` ma'ajin lamba ne, an ninka shi da `b` ke nan. In kuwa tun farko an ayyana `a` a matsayin nau'in bayanai da `typedef`, to layin sanarwa ce, ana ƙirƙirar manuni (ma'ajin da ke riƙe adireshin wani ma'aji) mai suna `b`. Haka ma `(a) - b`: ko dai ragi ne, ko kuma mayar da `-b` zuwa nau'in `a`.

Sashen kwamfaila da ke rarrabe jimla ba zai leƙa gaba ya gane ba?

Amsar ba a gaba take ba, a baya aka baro ta, wataƙila ma cikin wani fayil da aka shigo da shi da `#include`. Ga kuma ƙarin ciwon kai: `int a;` a cikin wani aiki (function) yakan rufe sunan nau'in har sai an fita daga wannan shingen.

To yaya masu kwamfaila suke yi?

Tsohuwar dabara ita ce sashen yanka kalmomi ya duba jadawalin sunaye kafin ya miƙa kowace kalma, ya ce wannan nau'i ne, wannan suna ne kawai. Inda ake tuntuɓe shi ne lokaci. Masu rarrabewar da ake ƙerawa da manhajojin Yacc da Bison sukan karanto kalma ɗaya ta gaba tun kafin su kammala sanarwar da ke hannu, don haka in ba a yi rajistar sabon nau'in da wuri ba, sai a yi wa kalmar lakabin da ba nata ba. Kwamfailar GCC ta bar Bison ta koma mai rarrabewa da aka rubuta da hannu: na C++ a 2004, na C a 2006. Clang kuwa, wata kwamfailar, ba ya ɗora wa mai yanka kalmomi wannan kaya, mai rarrabewar ne ke tambayar sashen ma'ana kai tsaye.

C++ fa?

Nan abin ya fi muni. A cikin `template`, wato samfurin da ake rubutawa da `T` a madadin nau'in da za a bayar daga baya, `T::x * p;` ninki ake ɗaukarsa sai an sa `typename` a gabansa, tunda ba a san `T` ba tukuna. `Agogo a();` kuma sanarwar aiki ce, ba sabon agogo ba.

Sababbin harsuna sun tsira?

Akasari. Go tana rubuta `var b *a`, Rust tana farawa da `let`, kalmar farko ta raba gardama. Amma Rust ma ta biya kuɗinta: a cikin lissafi dole a rubuta `f::<T>(x)`, don kada a ɗauki `<` a matsayin alamar kwatanta girma.