Waiwaye: yadda ake rarrabe ƙwayoyin da ke rayuwa a tafkunan gishiri

Wannan bincike daga kifi ya faro, tafki ya zo daga baya. Kifin da aka adana da gishiri yakan yi ja ya lalace, sai a 1922 masu bincike Harrison da Kennedy suka ware ƙwayar da ke jawo haka, suka sa ta cikin dangin bakteriya na Pseudomonas. Ita ce yau ake kira Halobacterium salinarum. A 1936 kuma Benjamin Elazari-Volcani ya nuna cewa akwai rai a cikin Mataccen Teku.

An daɗe ana rarraba ƙwayoyin gishiri ta siffa da launi da yawan gishirin da suke so: kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, 3 zuwa 15, sai 'yan gani-kashe-ni da ke buƙatar 15 zuwa 30. Mai jure gishiri daban, wadda ba ta rayuwa sai da shi daban, kuma har yau ana cuɗa biyun.

Aikin Carl Woese na 1977 a kan ƙwayar gado ta 16S rRNA ya birkita lissafin. Jajayen nan ashe ba bakteriya ba ne, wani reshen halittu ne mai suna arkiya. Ana ganin an gama, sai a 2002 aka bayyana Salinibacter ruber daga gonakin gishirin Sifen. Ja ce, tana tara sinadarin fotasiyam a cikinta kamar arkiya, amma bakteriya ce tsantsa. Tun daga nan launi ya daina zama hujja.

Ma'aunin raba jinsi da jinsi ya yi ta tsananta. A 1987 aka ɗauki kashi 70 na haɗuwar DNA a matsayin iyakar jinsi, a 1994 kashi 97 na kamanceceniyar 16S, daga baya aka ɗaga zuwa kusan 98.7. Shi ma 16S yana yaudara: wasu Haloarcula na ɗauke da kwafi fiye da ɗaya, bambancinsu ya kai kusan kashi 5, har ƙwaya ɗaya ta yi kama da jinsi biyu. Shi ya sa yanzu ake karanta kundin gadon gaba ɗaya, ana neman kashi 95 zuwa 96 a ma'aunin ANI, wato matsakaicin kamanceceniyar kundin gadon ƙwayoyi biyu.

Duk da haka, a ɗakin gwaji ake yawan yin asara. Idan aka wanke arkiyar gishiri da ruwa zalla, nan take take fashewa, don haka kafin rinin Gram, wato rinin da ake yi wa ƙwaya don a tantance irinta, ana kafe ta da asid ɗin asetik na kashi 2. Farantin da ake rainon ƙwaya a kai kan bushe, gishiri ya fito ƙyal-ƙyal a samansa kafin ƙwaya ta tsiro, dole a rufe shi a leda a jira makonni. Ƙwayoyin tafkunan kanwa irin su Magadi a Kenya kuwa, sai an dafa sinadarin kabonet daban da sauran abincinsu, in ba haka ba maganiziyam ya kwanta a ƙasan kwalba.

Suna ba ya tabbata sai an ajiye ƙwayar da rai a ma'ajiya biyu a ƙasashe daban-daban. Wannan sharaɗi ya fi komai wuya. Anthony Walsby ya ga ƙwaya mai kusurwa huɗu a wani kududdufin gishiri a Sinai a 1980, ba a iya rainonta ba sai 2004, aka raɗa mata Haloquadratum walsbyi a 2007.