Mafarki Cikin Sani

Mafarki cikin sani shi ne mafarkin da mai barci yake gane cewa mafarki yake yi, alhali bai farka ba. Gangar jikinsa na kwance, idanunsa a rufe, amma can cikin mafarkin sai hankalinsa ya dawo, ya ce a ransa: "Ashe mafarki nake yi." Galibi wani abin da hankali ba zai ɗauka ba ne ke ankarar da shi, kamar ya ga yana hira da wanda ya daɗe da rasuwa, ko ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa yana shawagi.

Mutane kan haɗa wannan sani da iya juya mafarki, amma kowanne da matsayinsa. Wani zai gane yana mafarki, ya tsaya yana kallo kawai, ba ya iya canza komai. Wani kuma zai iya zaɓar inda zai nufa, ko ya juyo ya fuskanci abin da ke korarsa. Sanin shi ne ginshiƙi, ikon kuwa yakan zo ne kaɗan-kaɗan, wani lokacin ma ba ya zuwa.

Tarihi

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin falsafar Girka Aristotal ya rubuta cewa sau da yawa akwai wani abu a zuciyar mai barci da ke gaya masa abin da yake gani mafarki ne. Mabiya addinin Buda a Tibet sun daɗe suna horar da kansu a kan riƙe sani cikin barci, a matsayin wani ɓangare na ibadarsu. A 1867 wani Bafaranshe, Hervey de Saint-Denys, ya buga littafi a kan yadda ake sarrafa mafarki, bayan shekaru yana rubuta nasa mafarkan. Sunan da aka san abin da shi a harsunan Turai kuwa, wato "lucid dream" a Turanci, ana danganta shi ne ga likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, a maƙalarsa ta 1913.

Duk da haka masana kimiyya da dama sun yi ta tababa, kuma suna da hujja. Ai labari ne mutum ke bayarwa bayan ya tashi. Ta yaya za a tabbatar ba ɗan farkawa ya yi na wasu daƙiƙu ba, ya ɗauka barci yake?

Shaidar da ido ya bayar

Amsar ta fito ne daga yadda barci kansa yake. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka bayyana wani mataki na barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, wanda ake taƙaita sunansa da REM. A wannan mataki ake yin mafi yawan mafarkai masu tsari. Ƙwaƙwalwa kan sassauta tsokokin jiki gaba ɗaya don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki, amma tsokokin ido da na numfashi suna ci gaba da aiki. Wato an rufe duk ƙofofi, an bar taga ɗaya.

Ta wannan taga Keith Hearne ya leƙa a Jami'ar Hull ta Ingila. Ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa da zarar ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama sau da aka ƙayyade. A watan Afrilu na 1975 na'ura ta ɗauki wannan alama ƙarara, a daidai lokacin da sauran ma'aunai ke nuna mutumin yana cikin barcin REM. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka ba tare da sanin aikin Hearne ba, sakamakonsa ya fito a mujallar kimiyya a 1981. Dabara ce mai sauƙi ƙwarai, kuma har yau a kanta kusan duk binciken wannan fage ya dogara.

A 2021 aka ƙara gaba. Ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Jamus da Faransa da Holan suka gwada yin magana da masu barci 36. Sukan jefa musu tambaya mai sauƙi, misali takwas a ɗebe shida, mai barcin ya amsa da motsin ido ko na tsokar fuska. An sami amsa daidai a kusan kashi 18 cikin 100 na tambayoyin, yawancin sauran kuma shiru ne. Adadin ba shi da yawa, amma ya isa ya nuna cewa mai mafarki na iya ji, ya yi lissafi, ya ba da amsa, bai farka ba.

Game da ƙwaƙwalwa, binciken Ursula Voss a 2009 da na Martin Dresler a 2012 sun nuna alamar cewa sassan da ke kula da tunanin kai da auna al'amura, waɗanda kan yi sanyi a barcin REM, suna ɗan farfaɗowa idan sani ya zo. Mutanen da aka auna kaɗan ne ƙwarai, don haka bai kamata a ɗora wa sakamakon kayan da ya fi ƙarfinsa ba.

Yawansa da yadda ake koyonsa

Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru 50 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki ko sau ɗaya ne, kashi 23 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Ya fi yawa ga yara da matasa, da masu larurar barcin farat-ɗaya, wato waɗanda barci ke kamawa ba zato da rana.

Masu son koyo kan fara da rubuta mafarkinsu kowace safiya, domin wanda ba ya tuna mafarki ba zai san ko ya yi ba. Sannan su saba da tambayar kansu da rana ko a farke suke, su gwada da wani abu, kamar toshe hanci su ga ko numfashi zai wuce (idan ya wuce, mafarki ne), da fatan ɗabi'ar ta bi su cikin barci. Hanyar da ta fi samun goyon bayan gwaji ita ce mutum ya tashi bayan barcin kamar awa 5, ya tuno mafarkin da ya yi, ya koma ya kwanta yana nanata niyyar cewa wannan karon zai gane. Dalilin shi ne barcin REM ya fi tsawo a ƙarshen dare.

Amfani da abin lura

Inda abin ya fi alamar amfani shi ne wajen masu fama da mugun mafarki mai maimaituwa, don wanda ya san mafarki yake yi tsoronsa kan ragu. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a kan haka ƙanana ne. Yawan katse barci da gangan kuma yana gajiyar da jiki, wasu ma kan gamu da dannau, wato hankali ya farka alhali tsokoki ba su saki ba tukuna. Masu larurar da ke sa a kasa bambance zahiri da abin da zuciya ta raya, ana ba su shawarar kada su shiga wannan horo sai da sanin likita.